Iskar tayar tantan: a sassauta a gona, ko a bar ta yadda mai faci ya ɗura?

Alhaji Mai Tantan: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da matsalar da ta hana ni sakat, ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani. Massey Ferguson 375 gare ni, muna aiki da ita a gonakin Kura da Bunkure har zuwa Garun Malam. Tayoyin baya damina biyu kacal da sa su, amma haƙoran tsakiya sun cinye sosai, na gefe kuwa kamar ba a taɓa hawa kansu ba. Ga shan mai ya ƙaru. Jiya na ari geji na auna da hannuna, sai na ga 32 a ɗaya, 30 a ɗayar, a ma'aunin PSI da ake auna iskar taya da shi. Wani ɗan ƙanena da ya karanci aikin gona ya ce wannan iska ta yi yawa ƙwarai, wai idan an shiga gona sai a rage ta zuwa 14 ko ƙasa da haka, idan za a hau kwalta a mayar. Direbana ya ce shi bai taɓa jin haka ba, kuma in na matsa masa ya rage to ni zan riƙa sayen tiyub kullum. Wanne ne gaskiya?

Baba Direba: Wa alaikumus salam Alhaji. Na haura shekara 30 a kan sitiyarin tantan, tun zamanin da gwamnati ke ba da haya. Direbanka bai yi ƙarya ba. Na taɓa shiga gona da taya mai laushi, garma ta kama saiwa, tayar ta murɗe a kan wili, bawul ya tsinke daga jikin tiyub. Kwana biyu motar tana zaune a daji. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga tushiyar kara mai tsini kamar mashi. Taya mai laushi tana buɗe kumatunta, kuma nan ne fatarta ta fi sirara. Amma fa 32 ta yi yawa, wannan ban musa ba. Mu a da 20 muke sawa mu manta da ita.

Mai Faci: Alhaji, bari in faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a bakin titi, tunda sana'ata ce. Direba zai zo ya ce "cika min ita". Idan ka tsaya a 18 sai ya daki tayar da ƙafa ya ce ba ta cika ba, ya ga gefenta ya ɗan kumbura daga ƙasa. Da yawa daga cikinmu kuma da tayar tifa da ta ƙaramar mota muka saba, sai hannu ya tafi a kan abin da ya sani. Sannan gejin da ke hannun yawancinmu na manyan motoci ne, wanda ke kaiwa 100 ko fiye. A irin wannan geji tsakanin 12 da 18 ɗan tsinke ne, ido ba ya rabewa.

Injiniya: Sannunku iyayena. Baba, abin da ka faɗa game da bawul gaskiya ne, kuma zan dawo kansa. Amma Alhaji, kafin komai ka je ka tsuguna gaban tayar ka karanta abin da aka rubuta a gefenta. Irin motarka yawanci 16.9-30 ne a baya, 7.50-16 a gaba. Lamba ta farko faɗin taya ne a inci, ta biyu girman wili. Abin lura shi ne alamar da ke tsakaninsu. Idan ɗan layi ne, tayar tsohon samfuri ce, wadda zarurrukan cikinta suka giciye juna, gefenta da tauri. Idan harafin R ne, kamar 16.9R30, to radiyal ce, irin wadda kamfanin Michelin na Faransa ya ƙirƙiro a 1946, gefenta an yi shi ne don ya lanƙwasa. Waɗannan biyu ba a yi musu hukunci ɗaya. Radiyal tana iya sauka zuwa 10 ko ƙasa idan nauyin da ke kanta bai da yawa. Mai ɗan layi ba a so ta yi ƙasa da 12, kuma ita ce a ƙarƙashin mafi yawan motocinmu.

Sai abu na biyu. Irin wannan taya ta baya, mai fala 6 ko 8, iyakar iskar da aka yarda mata tana tsakanin 18 da 24 ne. Ke nan 32 ɗin da ka gani ta wuce ƙa'ida har a kan kwalta, ba a gona kaɗai ba. Shi ya sa tsakiyar ta cinye: tayar ta yi tsiri kamar ƙwarya a kife, cibiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa.

Alhaji Mai Tantan: Na duba yanzu, ɗan layi ne, kuma 8 PR aka rubuta, wato fala 8. To shan man fa, ina ruwansa da iska?

Injiniya: Ruwansa babba ne, ranka ya daɗe. Tantan ba ta ja da ƙarfin inji kaɗai, tana ja ne da yawan haƙoran da suka kama ƙasa a lokaci guda. Taya mai tauri ƙasar da take takawa gajeruwa ce, haƙora kaɗan ne ke aiki, sai su yanke ƙasar su watsa ta baya. Tayar tana juyawa, motar ba ta ci gaba gwargwadon juyin. Kowane juyi na banza mai ne ya ƙone, kuma roba ce ta goge. Idan aka sassauta iskar sai sawun ya tsawaita, ƙarin haƙora su kama.

Kana iya aunawa da kanka, ba sai da na'ura ba. Ka sa alli a gefen tayar baya. A ɗaga garma, a tafi a cikin gonar har tayar ta yi juyi 10, ka auna nisan. Sannan a sauke garma a yi aiki na gaske, a sake ƙirga juyi 10, ka auna. A irin tayarka na farkon zai zo wajen mita 44. A ce na biyun ya zo mita 35. An rasa mita 9 cikin 44, wato wajen kashi 20 cikin 100. Ga mota mai ja da ƙafafun baya kawai, abin da ake so shi ne tsakanin kashi 10 da 15. Fiye da haka asara ce. Ƙasa da haka sosai kuma alama ce motar ta yi nauyi fiye da aikin da take yi.

Hajiya Mai Shinkafa: Ni ba ni da tantan, haya nake ɗauka duk shekara a wajen Auyo, amma ku bar ni in sa baki domin a gonata ake wannan aiki. Ku duk kuna maganar taya da mai, wato aljihun mai mota. Ni abin da na gani shi ne bakin gonata, inda motar ke juyawa. Shekara uku ke nan wurin ya zama fako. Ruwa ya kwanta ba ya shiga, in ya bushe sai ya yi tauri har fartanya na tsalle. Shukar wurin gajeruwa ce, in ka tuge ta sai ka ga saiwar ta kwanta gefe maimakon ta nutsa. Na biya kuɗin haro, na kuma biya da ƙasata. Injiniya, wannan ma daga iskar ne?

Injiniya: Wani ɓangare daga gare ta ne, Hajiya. Ƙarfin da taya ke danna saman ƙasa da shi yana kusa da iskar da ke cikinta, ya ɗan ɗara kaɗan saboda taurin robar. Mota mai 30 a ƙafa tana danna ƙasarki kusan ninki biyu na mai 15, alhali nauyinsu ɗaya. Ki tuna raƙumi da jaki a cikin rairayi: raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma tafin ƙafarsa yana bajewa, sawunsa ba ya zurfi. Sai dai kada in ɗora wa iska laifin da ba nata ba. Dannewar da ke can ƙasa, ƙarƙashin inda garma ke kaiwa, nauyin motar ne ke yin ta, da kuma shiga gona tana da danshi da yawa. Laka idan ta jiƙe babu iskar da za ta cece ta. Ki dunƙule ƙasar a hannu. In ta murzu ta yi igiya ba ta karye ba, ki ce wa direba ya jira. Kuma takun farko shi ne ya fi yin ɓarna, don haka gara motar ta riƙa bin sawu ɗaya wajen shiga da fita da ta yi ta yawo ko'ina.

Ƙaramin Direba: Ku gafarce ni manya, amma akwai abin da ba wanda ya faɗa. Sauke iska sauƙi ne da shi, tsinke ma ya isa. Mayarwar fa? Ni a rana ɗaya a farkon damina nakan shiga gona biyar ko shida, tsakaninsu akwai kwalta, akwai burji. Ina zan samu kwampireso a tsakiyar daji? Ɗan famfon nan da ake jonawa a batir na gwada shi, kafin ya ƙara 5 a taya ɗaya ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kuma ni da eka ake biyana. Duk awar da na ɓata a kan bawul, daga bakin 'ya'yana ta fita. Manoma suna tsaye a kaina kowa na cewa ruwa zai wuce shi. Wanda ke ofis yana iya cewa a rage a ƙara, amma ba shi ke cikin ranar ba.

Baba Direba: Yaron nan ya faɗi abin da ke raina. Damina ba ta jiran kowa.

Injiniya: Ba na jayayya da wannan ko kaɗan, ɗan'uwa, kuma ba a ofis nake magana ba, na sha tura mota daga cikin taɓo. Matsalar da ka faɗa ita ce ta sa Turawa suka ƙera abin da ke ragewa da ƙarawa daga kan kujerar direba. Asalinsa ma daga sojoji ne: motar DUKW ta Amurka, wadda ke tafiya a ruwa da tudu a yaƙin duniya na biyu, tana da shi domin ta fito daga teku ta bi rairayi sannan ta hau hanya. Yau kamfanin Fendt na Jamus yana sa irinsa a manyan taraktocinsa, sunansa VarioGrip. Akwai kuma tayoyi masu alamar IF da VF, waɗanda ke ɗaukar ƙarin kaya kashi 20 da kashi 40 a kan iska ɗaya da radiyal ta yau da kullum, ta yadda mutum zai iya barinsu da laushi a hanya da gona. Amma waɗannan ba namu ba ne a yanzu. Na kawo su ne don a san ba raini ba ne ko ƙaƙale, abu ne da aka zuba kuɗi a kansa domin yana biya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Nan wajenmu da bar muke aunawa, wasu su ce kilo. Bar 1 daidai yake da 14.5 naku, don haka 14 ɗin da ake ta faɗa kusan kilo guda ne. Ƙasarmu jigawa ce mafi yawa, kuma a rairayi ba a gardamar wannan magana. Duk direban da ya bi hanyar Agadas ya san idan mota ta fara nutsewa, abu na farko a sauke iska. Tarakta mai ƙafa da tauri a jigawa haƙa rami take yi har ta zauna a kan cikinta, gazuwal na ƙonewa. Abin da muke yi a ƙauyenmu: ba ma tsallake-tsallake. A tara gonakin yanki ɗaya a yi su rana ɗaya ko biyu, motar ta kwana can. An sauke iska sau ɗaya, an mayar sau ɗaya. Tsakanin gona da gona kuma hanyar ƙasa ce, a tafi a hankali.

Ƙaramin Direba: Wannan sai in manoman sun yarda su haɗa kai. A nan kowa wanda ya fara biya shi yake so a fara yi masa, ko da gonarsa tana gabas ta na biyu tana yamma.

Hajiya Mai Shinkafa: To ai wannan namu ne mu gyara, ba naku ba. Mu goma sha wani abu ne a layinmu na fadama, duk mun san juna. In dai abin da zai sa a shigo mana da taya mai laushi shi ne mu haɗa rana, zan yi musu magana kafin ruwan fari. Har kuɗin mai faci ya zo da injinsa a bayan babur ranar gamawa, in aka raba mana ba zai yi wa kowa nauyi ba.

Mai Faci: Ana yin haka Hajiya, ni kaina na sha zuwa. Amma tunda an zo kan aikina, ga gargaɗi, don Allah a riƙe shi. Idan an cire taya an mayar, ana ɗura iska don bakinta ya zauna a kan wili, kada a wuce 35. A jikin tayoyin da yawa an rubuta haka. In bai zauna ba a sauke, a shafa ruwan sabulu, a sake. Kuma kada mutum ya tsaya a kanta ko ya sunkuya yana leƙe. Tayar tantan in ta fashe tana kashe mutum.

Alhaji Mai Tantan: Allah ya kiyaye. To Injiniya, ka ba ni lamba. Nawa a gona, nawa a hanya?

Injiniya: Lambar da ta fi kowacce inganci tana cikin littafin motar da jadawalin kamfanin tayar, domin abu biyu ne ke yanke hukunci: nauyin da ke kan tayar, da gudun da za a yi. Amma ga irin tayarka, mai ɗan layi da tiyub, wajen 14 a gona wuri ne mai kyau na farawa, 18 zuwa 20 a kwalta. Na gaba daban suke, ƙanana ne, suna son wajen 28 zuwa 32, kada a taɓa su da sunan wannan magana.

Abin da mutane ke mantawa shi ne lokacin da tayar baya ta fi shan wahala. Ba lokacin huɗa ba ne. Lokacin da aka ɗaga haro ko garma sama aka hau hanya ne, domin nauyin ƙarfen gaba ɗaya ya koma kan ƙafafun baya, har ya ɗebo wani daga na gaba ya ƙara musu. Haka idan an ɗaura bodi cike da buhunan taki. Sai a haɗa wannan da gudun kilomita 25 ko 30 a kan kwaltar da rana ta gasa. Taya mai laushi a nan lanƙwashewa take yi tana miƙewa sau ɗaruruwa a ɗan lokaci, ta yi zafi daga ciki, zarurrukan su rabu, gefen ya tsattsage. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Saboda haka in an gama aiki babu famfo, a tafi da gudun da bai wuce na keke ba har a isa wurin mai faci.

Baba, ga maganar bawul ɗinka. Taya tana murɗewa a kan wili ne idan iska ta yi ƙasa sosai, ko bakin wilin ya yi tsatsa, ko an shafa masa man giris ko baƙin mai wajen sawa. Ka ja layi da alli daga taya zuwa wili. In bayan aiki layin ya rabu biyu, iskar ta yi kaɗan ga wannan aikin, a ƙara 2.

Baba Direba: Wannan dabarar allin ta yi min. Ni ma bari in ƙara maka ɗaya da ba a makaranta na koya ba. In ana huɗa da garma, ƙafar dama tana cikin kwari, motar ta karkata, nauyi ya koma kanta. Ita nakan ba ta iska fiye da ta hagu kaɗan. Da haro kuwa a daidaita su. Sannan gonar da aka sare sabuwa, mai kututture da ƙaya, ni dai ba zan sauka 14 a cikinta ba ko wa ya ce. Gara in ƙona mai da in yaga taya.

Injiniya: Na yarda da duka biyun, Baba. Ta ƙafar kwarin har a tsofaffin littattafan tarakta an rubuta ta. Sabon sara kuma hukuncinsa daban.

Ɗan Maraɗi: Ruwan da ake zubawa cikin taya fa? Wasu nan suna yi.

Injiniya: Yana taimakawa idan an gyara iska amma juyin banzan da taya ke yi bai ragu ba, wato motar nauyi take nema. Ana juyo bawul ya koma sama, a zuba ruwa har ya kai bakinsa, wato kashi 75 cikin 100, sauran a bar wa iska. Kada a cika ta fal, iskar ce ke shanye gargada. A ƙasashen sanyi suna haɗa ruwan da wani gishiri don kada ya daskare. Mu ba ma buƙatarsa, kuma yana cin wili in ya zubo. Sai dai a sani, nauyin da ka ƙara yana binka har kwalta, yana kuma ƙara danna gonar Hajiya. In aikin shuka ne ko feshi, ba a buƙatarsa. Wajen aunawa a juyo bawul sama, kada ruwa ya shiga geji ya lalata shi.

Mai Faci: Kuma a auna da safe kafin mota ta motsa. Wadda ta sha rana tana nuna sama da gaskiyarta.

Injiniya: Haka ne. Tsakanin sanyin asuba da zafin azahar a watan Afrilu, taya mai 14 tana iya nuna 16 ba tare da an ƙara mata komai ba. Wanda ya sauke ta da rana zuwa 12, gobe da asuba zai tarar da ita wajen 10.

Ƙaramin Direba: Ni dai har yanzu maganata tana nan. In Oga zai sayi ƙaramin geji ya ajiye a motar, ya kuma yarda cewa lokacin da na ɓata ba daga kuɗina zai fita ba, zan yi. In ba haka ba zan sa 16 in bar ta, in rage gudu a kwalta. Ya fi 30 ɗin da muke yawo da ita.

Alhaji Mai Tantan: Ƙanena, wannan magana taka ita ce ta direbana, kawai shi bai faɗa min ita a fili ba. Taya tawa ce, mai nawa ne, don haka gejin da lokacin ni ya kamata in ɗauka. Gobe da asuba za mu sauke na baya zuwa 18 mu tafi gonar da ke hanyar Kadawa, can mu yi awon juyi 10 a kan 18, mu sake a kan 14, da layin alli a kan wili. Mai Faci, wane irin geji zan tambaya a kasuwa?

Mai Faci: Wanda iyakarsa 30 ko 60, Alhaji, mai agogo. Ka zo da shi mu gwada da nawa kafin ka tafi.